Daga Bab Makka Zuwa Kajark

Asabar, 11 ga Nuwamba, 1972

An gama hutun ƙaramar Sallah, na buɗe shago. Faci bakwai, sarƙa biyu, sai wani Bayamane da ya kawo gargare a lanƙwashe, wai shi bai san abin da ya same shi ba. Ni na sani, ga shatin kofaton jaki nan a jiki.

Da la'asar Abdulghaffar, babban ɗan abokina Usuman, ya turo keken ubansa har ƙofar shago. Tun daga bakin Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin Jidda, na hango baƙin keken nan, na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe uwarsa Zaituna ce ta ce a fitar da shi daga gidan. Yaron ya ce mini, yana gauraya Hausa da Larabci, Abuya yake kiran ubansa: "Ya Ammi, Abuya kullum yana zaune yana shafa shi, ba magana, ba cin abinci. Halas, shi ke nan, ka yi yadda ka ga dama da shi."

Shekara ashirin ina gyaran keken nan. Shekara ashirin Usuman yana kansa, yana raba takardun kamfanin jiragen ruwa tsakanin unguwar Bagdadiyya da bakin teku, har idonsa ya tafi. Wata biyar ke nan bai leƙa ƙofar gida ba. Ko idi bai je ba.

Na jingine keken a bayan shago. Ba zan sayar ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na je gaishe shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ce, "Soja, ina labarin Faransa?" Ya ce tana inda take.

Wannan amsar ta fi ramar tayar mini da hankali. Da can ko tari ka yi mai kama da Faransa, ka jawo wa kanka awa guda. Yadda aka ɗebe shi soja daga Damagaram, yadda bayan yaƙi ya shekara yana jiran jirgi a gonar wani dattijo a bakin kogin Lot, aka ba shi keke yana kai burodi da wasiƙu daga garin Kahor zuwa garin Kajark. Na haddace hanyar don dole: gada mai hasumiya uku, layin bishiyoyin joz masu 'ya'ya kamar gyaɗa, rami a cikin dutse da hanya ke bi ta ciki, tsohuwa mai rijiya da ke ɗaga masa hannu in ya kaɗa ƙararrawa. Kullum in ce masa ƙarya ce. Kogi yana ta gudu a banza shekara duka, ba mai tallarsa a garwa? Mu a Jidda za ka gaya wa wannan?

Yau da ya yi mini ƙaryar da na ji daɗi.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ina cikin ɗaure sifok ɗin wata taya na tuna. Ya taɓa cewa ya ga mata da miji a kan dogon keke guda, sirdi biyu, feda huɗu. Ranar na yi dariya har na shaƙe da shayi. To in ƙarya ce, ni zan mayar da ita gaskiya.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na yanka keken Usuman. Na cire tayar gaba, na haɗa gangar jikin da ta wani tsohon keken Ingila da ke rataye a shago tun zamanin maigidana da ya koya mini gyara. Othman mai walda, maƙwabcina, ya liƙa mini, yana tambaya ko raƙumi nake ƙerawa.

Sirdin Usuman a baya, da ƙahonsa, da ƙararrawarsa. Ƙahon baya ba ya juyawa, riƙo kawai. Abdulghaffar zai zauna a gaba ya ja uban. Na gaya masa, ya yi murna, har ya sumbaci kaina.

Luba ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa jin ina waƙa a bakin aiki ba. Ba waƙa nake ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Haladu, kai jaki ne. Na rubuta don kada in manta.

Bayan masallaci muka tura shi har tsakar gidansu. Na kama hannun Usuman na ɗora a kan sirdi. Ya shafa, ya gane nasa ne. Ya bi ƙarfen da yatsu, ya wuce inda ya kamata taya ta kasance, ya tarar da wani sirdin. Sai ya tsaya. "Tandam," in ji shi, a hankali. Fuskar nan ta buɗe. Ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, Zaituna ta yi guɗa daga ɗakin girki.

Sai ya tambayi wa zai ja. Abdulghaffar ya ce, "Ana, ya Abuya," wato shi ne. Nan take hannun ya sauka daga kan ƙarfe.

Ɗan fari! Mutumin da shekara ashirin da uku bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba, sai "wancan", bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, shi zan ɗora a bayansa, numfashinsa a ƙeyar ɗan, su ratsa gari jama'a na kallo? Ni da aka haifa a cikin al'adar nan na manta da ita sarai, saboda ɗokin walda. Abdulghaffar, haihuwar Jidda, bai ma ga abin kunya ba, sai faɗi yake da Larabci wai wannan tsohon yayi ne. Uban bai tanka masa ba. Ni ya juyo wa.

"Kai ka ƙera shi, kai za ka ja ni."

Na ce ai ya san ciwon gwiwata. Ya ce haka ne, Allah ya ba da lafiya. Ya lalubi bango ya koma ɗaki.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Bari in rubuta, tunda ba mai karanta littafin nan sai ni.

Ban iya hawa keke ba. Gwiwata lafiyarta ƙalau.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai a Mai Wurno, can Sudan, na ari keken wani ranar kasuwa don wata yarinya ta gan ni. Ta gan ni kuwa, a cikin magudanar ruwan gona, ƙafafu sama. Kasuwa guda ta yi dariya. Daga ranar ban sake ba. Da na zo Jidda na koyi gyara, na ce gwiwa. Na kafa doka a shago: mai keke shi ke gwada kekensa. Har yaba mini ake yi, wai ga mutum mai amana, ba ya hawa kayan mutane.

Luba kaɗai ta sani. Tana zuba mini shayi ta ce, "Malam, gwiwar da ba ta ciwo ce ta fi, ko mutumin da ba ya cin abinci?" Na ce shayin ya yi zaƙi da yawa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Ban yi aikin kirki ba. Na liƙa faci a inda ba huji.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Na je na gaya masa. Na rufe ƙofa tukuna. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa da baki ɗaya, gumi na karyo mini.

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne. Ina! Dariya ce, har da faɗuwa kan tabarma, har Zaituna ta buga ƙofa tana tambaya ko lafiya.

"Shekara ashirin ina salla kusa da kai, Haladu. Mai ciwon gwiwa ba ya faɗa wa sujada kamar buhun shinkafa. Tun shekarar farko na gane."

Na ce to me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce ni ma ai na san wani abu a labarinsa ya ɗan fi gaskiya tsawo, amma kullum ina zama in saurara.

Ya ce shi zai koya mini, daga baya. Kafin in fito na ji yana cewa a kawo masa sauran ful ɗin safe, wato dafaffen wake, da gurasar tamis.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Bayan asuba, a filin gishiri da ke bayan gari, inda ba kowa sai hankaki. Na riƙe hannunsa da hagu, raƙumin Othman da dama. Rabonsa da waje wata biyar. Ya tsaya ya ja iska kamar mai shan ruwa.

Mun faɗi sau shida. Ni ke faɗuwa, shi rakiya kawai yake yi.

"Kana kallon taya."
"Ya aka yi ka sani?"
"Ina ji a sirdi. Ɗaga kai, dubi nesa, keke yana bin ido."

Makaho yana koya mini kallo. To.

Asabar, 2 ga Disamba

Gwiwa ta kumbura. Yanzu da gaske take ciwo, kuma ba wanda zan gaya wa.

Talata, 5 ga Disamba

Na tafi! Wallahi na tafi! Daga tulin duwatsu har tsohuwar motar da aka yar, ban sa ƙafa ƙasa ba. Usuman yana ihu a baya da Faransanci, "Ale, ale, ale!" Iska ta shiga rigata ta kumbura ta. Ban san haka abin yake ba. Shekara ashirin ina miƙa wa mutane wannan daɗin ina tsaye a ƙofar shago da tsumma a hannu.

Tsayawa ce ban koya ba tukuna. Motar ce ta tsayar da mu.

Juma'a, 8 ga Disamba

Yau muka bar Kahor, in ji shi. Wato ƙofar gidansa.

Ga tsarin da ya yanke: duk Juma'a bayan asuba mu hau titin Madina mu nufi arewa, kowane mako mu ƙara nisa, sai mun kai Kajark. Na ce ina Kajark ɗin? Ya ce inda ruwa ya tare mu. Abhur ke nan, can bakin teku. Na ce Soja, kafin can ai an yi mana salla.

Muna fita gari ya fara. Ga gada, a taka a hankali, duwatsun santsi gare su. Ga kogi a dama, kore shar, hazo na tashi a kansa. Ga mata suna wanki. Ni ina ganin yashi da gwangwanaye da wata babbar mota cike da alhazan Turkiyya suna leƙenmu, shi yana gaishe da masu wanki da Faransanci. Da muka zo daidai gidan mai na ƙarshe ya kaɗa ƙararrawa, wai tsohuwa mai rijiya ce. Mai sayar da man ya ɗaga mana hannu. Na gaya wa Usuman, ya ce ai ba ta taɓa fashi ba.

Abin mamaki, in ya ce tudu na zuwa, sai ya danna feda da ƙarfi, ni ma in ji ƙafata ta yi nauyi. Titin kuwa a shimfiɗe yake kamar faranti.

Wata farar wanet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, tana binmu daga nesa. Ta Abdulghaffar ce. Ban faɗa ba.

Litinin, 11 ga Disamba

Zaituna ta aiko wa Luba da kwanon dambu. Wai maigidan ya ci tuwo malmala biyu jiya, ya kuma yi faɗa a kan gishiri. Luba ta ce faɗan ne ya fi faranta mata rai.

Juma'a, 15 ga Disamba

Laifina ne, amma shi ma da nasa.

Mun wuce layin joz. Yana ta ba ni labarin yadda ganye ke zuba a kan hanya, taya na murƙushe shi, ƙamshin taba da ake shanyawa a rumbuna, ƙararrawar coci daga ƙetaren ruwa. Na shiga labarin har wuya. Sai ya daka tsawa, "Kwana hagu, injin niƙa!" Ni kuwa na karya hagu.

Babu kwana a titin Madina. Akwai gangare, da yashi, da garken awakin wani Badawi.

Muka kwanta a tsakiyarsu. Wani bunsuru ya tsaya a kaina yana duba ni. Badawin ya zo da sanda yana zagi, ya ga dattawa biyu da keke mai sirdi biyu suna dariya har hawaye, ƙarshe ya tatso mana nono.

Usuman ya ce, "Kai da ke da ido, me ya kai ka bin makaho?" Na ce ai na ga injin niƙan. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ya daina dariya, ya dafa kafaɗata.

Sabuwar doka: shi da Faransa, ni da ƙaho.

Talata, 19 ga Disamba

Asiri ya tonu. Wani direba ya gan mu, kafin azahar duk Bab Makka ta sani. Othman ya shigo yana ɗingishi, wai in ba shi sunan likitana. Mai ful ya ce a rubuta ranar nan. Na ji kunya ta taso mini kamar ta ranar kasuwar Mai Wurno, sai na ajiye sifana na ce, "Jama'a, ba gwiwa ba ce. Ban iya ba ne. Yanzu na iya."

Suka yi dariya, ba ƙarya. Minti biyar. Daga nan mai ful ya ce shi ma bai iya iyo ba, ga shi ɗan masunta. Shi ke nan fa. Abin da na ɗauka a ka shekara talatin da biyar, minti biyar ya ci.

Juma'a, 22 ga Disamba

Ramin dutse. Ya ce in sunkuya, na sunkuya. Ya ce akwai sanyi a ciki, ruwa na ɗiga daga sama. Tsigar jikina ta tashi, rana kuwa tana dukan ƙeyata.

A hanyar dawowa ya ce, "Motar nan da ke binmu, a gaya wa mai ita ya duba salansa." Ashe tun ranar farko ya ji ta.

Juma'a, 29 ga Disamba

Kajark.

Mun fita da duhu-duhun asuba, da gorar ruwa da dabino. Ƙafafuna sun mutu tun rabin hanya, shi ya yi ta turo mu. Bai bar ƙauye ko ɗaya ba, duk ya kira sunansu. Dutse a hagu, tsaye kamar bango, kogi a dama, gonakin inabi, karen da ke bin sa kullum. Sai na ji muryar tana raguwa. Da taya ta taɓa yashin Abhur ya yi tsit.

Muka sauka. Na zaunar da shi a bakin ruwa. Tsoro ya kama ni, na ce ko na kawo shi ƙarshen abin da ya rage masa ne, gobe ya koma ɗaki.

"A nan nake sauke burodi in juya," in ji shi. "Ban taɓa wuce Kajark ba. Labarina ya ƙare, Haladu."

Na buɗe dabino.

Sai ya ce, "Me ke gabanmu?"
Na ce ruwa.
"Ruwa! Shekara nawa kana Jidda, abin da za ka ce ke nan? Wane irin ruwa?"

Na duba. Wallahi sai yau na duba. Na ce a bakin nan fari ne, ana ganin ƙasa, can gaba kamar shuɗin baba da aka tsoma sau ɗaya, can ciki kuma kamar wanda aka tsoma sau biyar. Ya ce to, yanzu ka fara magana. Na ce ga kwalekwale mai jan baki, mutum biyu suna jan koma. Ga farin tsuntsu tsaye da ƙafa ɗaya. Ga ƙaguwa tana tafiya a karkace kamar ni a filin gishiri. Ya ce ci gaba. Na yi ta yi har bakina ya bushe, yana gyara mini, wai na cika gaggawa.

Can ya ce, "A gaya wa mai motar nan ya zo ya sha shayi, ya sha rana." Na ɗaga hannu. Abdulghaffar ya zo ya tsuguna ɗan nesa. Uban ya lalubi dabino uku ya miƙa ta wajen da ya ji takunsa, fuskarsa na kallon teku. Ɗan ya karɓa da hannu biyu. Ni ma na kalli teku, ido ya ɗan yi mini yaji, iskar gishiri ce.

A bayan wanet muka dawo, mu da raƙumi, muka sami Juma'a da ƙyar. A ƙofar gida ya riƙe hannuna. "Mako mai zuwa hanyarka za mu bi. Na gaji da Faransa. Ka zo da labari, kada ka zo mini da 'ruwa'."

Mako mai zuwa, in ji shi. Da bakinsa.

Talata, 2 ga Janairu, 1973

Wani ya kawo gyaran birki, ya ce sai la'asar zai dawo. Na ga bai kamata in ba mutum birki ban gwada ba. Na rufe shago, na ce daga nan zuwa kwana.

Na tsinci kaina a unguwar Ruwais. Akwai wata koriyar ƙofa mai zanen kifi, da bishiyar darbejiya da ta fasa katanga ta fito, da dattijon da ke ɗinkin koma da yatsan ƙafa. Na rubuta su a bayan littafin nan, don Juma'a kawai, kada Soja ya raina ni. Daga can na ɗan leƙa titin Madina, tunda na riga na fito.

Awa biyu. Luba ta ga yashi a ƙafar wandona, na ce gwajin birki ne, ta ce Allah ya ƙara wa birki lafiya.

Da na zo daidai gidan man nan na kaɗa ƙararrawa. Ba don tsohuwa ba. Ina jin akwai akuya a hanya.